Rema a Gidan Kwaɗo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Akwai wata Rema, 'yar dabbar nan mai kama da zomo marar dogon kunne, da ke zaune a kogon wani tsauni. A nan aka haife ta, a nan aka haifi uwarta. Kullum da hantsi sai ta baje a kan falalen dutse ta sha rana, tana hango duniya a ƙarƙashinta.

Damina ta kama, ɗakin Gizo yana yoyo. Kun san halin mutumin, gyaran jinka ba aikinsa ba ne. Sai ya hau tsauni ya ce, "Wayyo Rema, ke a wannan ƙeƙasasshen wuri? Ga fadama can, ciyawa har wuya! Je ki huta, ni na tsare miki kogon."

Rema ta leƙa, ta ga kore shar, ranta ya biya. Ta gangara.

Kwaɗo, mai unguwar fadama, ya karɓe ta hannu biyu. Ran farko ta ci ta ƙoshi, amma da hantsi ta nemi dutsen kwanciya, sai laka mai sanyi.

"Baƙuwa, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Maigida."

Rana ta biyu shaho ya gifta, ta ruga neman tsaguwar da za ta shige, babu. Da ƙyar ta sha a gindin rake.

"Baƙuwa, lafiya?"

"Lafiya lau."

Rana ta uku ta ɗaga kai don ta hango nesa, ciyawa ta tare mata ido ta ko'ina. Sai abinci ya fita ranta. Ta fara ramewa a tsakiyar ƙoshi, kewa na cin ta.

Kwaɗo ya ce, "Wannan lafiya lau taki ba ta kwanta mini ba. Tashi in raka ki gida."

Suka hau tsauni, suka tarar da Gizo a bakin kogo, harshe waje. "Karɓi kayanki!" in ji shi. "Kwana uku ko ɗigon ruwa ban gani ba, sama ta ɗauke, dutse ya shanye sauran!"

Rema ta wuce shi. Ta bi saiwar wani ɓaure cikin tsaguwa, ta ture ɗan dutse, sai ga ruwa garau, mai sanyi. Gizo ya sha, ya sulale ko sallama babu.

Kwaɗo kuwa fatarsa ta fara bushewa, tsayin wurin yana sa shi jiri. Ya ce, "Rema, kada ki ji haushi. Gidanki da kyau, amma ko da kuɗi ba zan kwana a nan ba."

Rema ta kwanta a kan dutsenta, hawaye na zuba. Ta ce, "Haka na ji a naka, Maigida. Kirkinka ne ya hana ni faɗa."

To, jikokina, ƙasar da ta rene ku tana cikin jikinku. Ku je ko'ina ku gani, amma kada daɗin bakin wani ya sa ku raina ta, kada kuma ku raina ta wani.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya ƙare mana ita.