Sallau da Wayar Gado

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Sallau ake ce masa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ya cikin waɗanda ake miƙe wa in sun shigo. 'Yar rumfa gare shi a bakin tasha, da benci, da tsohuwar kwamfuta wadda sai an lallaɓa ta take tashi. Sana'arsa tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a memori. Wannan kwamfutar ita ce rumbunsa. Shekara da shekaru yana tara abin da ke cikinta, har ta cika maƙil, ko hoto ɗaya ba ta da wurin karɓa.

Ku saurara, jama'a. Na baya can, a bar latsa waya, ai zancenta ake yi.

Wata rana bayan azahar sai ga wata mata, Tabawa, da goyo a bayanta, da wata waya a hannunta. Ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta direba ne, an yi sunan 'yarsu ba da jimawa ba hatsari ya zama ajalinsa. Aka zo rabon gado. Kun san yadda muke yi, komai sai an sa masa kuɗi, har buta. Aka sa wa wayar marigayi kuɗi, aka sayar, mai saye ya ce bayan la'asar zai karɓa ya kai a goge komai. Babu wanda ya yi mugunta, ƙa'ida aka bi. Sai dai duk cikin masu rabon babu wanda ya tuna da abin da ke cikin wayar.

Ta ce, "Malam, don Allah ka taimake ni. Muryarsa na ciki, da hotunansa, da bidiyon ranar suna. Yarinyar nan ba ta san shi ba. In aka goge, me zan nuna mata?"

Ya ce, "Kina da memori?"

Ta ce, "Ba ni da shi. Wayata ƙarama ce, mai tocila."

Sallau ya duba wayar. Ashe marigayi mutum ne mai son ɗaukar hoto, komai ya gani sai ya ɗauka, wayar ta cika dam. Ya duba 'yan memorin da ke hannunsa, duk ƙanana, ba za su ɗauka ba. Ya dubi rana, ta karkata. Ya dubi kwamfutarsa.

Sai ya ce, "Zauna, baiwar Allah."

Ya fara gogewa. Ya goge waƙoƙi, wuri bai isa ba. Ya goge finafinai, bai isa ba. Ya kai hannu kan wa'azin da ya sha yawo gari gari kafin ya tara. Maƙwabcinsa Barau mai cajin waya ya leƙo, ya dafe kai.

"Sallau, kanka ɗaya kuwa? Abincinka fa kake gogewa! Gobe me za ka tura wa mutane, iska?"

Sallau ya ce, "Barau, abin da nake gogewa akwai shi a hannun jama'a, ko ba daɗe zan sake samu. Abin da ke wayar nan babu shi a ko'ina a duniya sai nan."

Ku lura da wani abu kuma. Da hotuna suka fara wucewa, sai ya juya fuskar kwamfutar wajen matar, shi ya kalli titi. Hotunan cikin gida ne, ba nasa ne ya gani ba. Ana kiran la'asar aka gama, ta mayar da wayar inda ake jiranta.

To, na san ku. Kuna jira in ce washegari wani alhaji ya tsaya da mota ya ba shi buhun kuɗi. Bai samu ba. Abin da ya samu shi ne masu saye suka riƙa zuwa babu abin tura musu, suka koma wata rumfa. Ya ji jiki ƙwarai. A cikin wannan halin ya daure ya sayi manyan memori biyu, ya kwafe komai, ya kira Tabawa. Ya ce, "Wannan ki riƙe. Wannan ki aika wa yayarki a can garinsu. Kada su kwana ɗaki ɗaya." Sai da ta tabbatar komai ya shiga, sannan ya goge na wurinsa.

Barau ya ce, "Ni har yanzu ban gane ba. 'Yar'uwarka ce?"

Sallau ya ce, "Inna ta rasu ina Kudu. Akwai addu'o'in da take yi min, na ɗauka a wayarta, na ce sai na dawo zan kwafe. Kafin in iso an raba gado, an goge. Fuskarta har yanzu ina gani, Barau. Muryar ce ta ɓace min. In na rufe ido ina neman yadda take kiran sunana, sai in ji muryata."

Barau ya juya ya koma wajen cajinsa.

Shekaru suka wuce. Wata damina ruwa ya rushe ɗakin Tabawa, memorinta ya tafi da akwati. Ta aika wa yayarta, aka kawo ɗayan, lafiyarsa ƙalau. A lokacin yarinyar, Mardiyya, ta shiga Islamiyya, kullum tambayarta ɗaya: "Umma, yaya Babana yake magana?" Tabawa ta kamo hannunta sai rumfar Sallau, aka kunna. Ga wani mutum cikin farar riga, rungume da jaririya, yana dariya, yana cewa, "Mardiyya! Mardiyyar Baba!"

Yarinyar ta matsa kusa, ta ce, "Na'am."

Sallau ya tashi ya zaga bayan rumfa, ya daɗe bai fito ba.

Jama'a, darasin a fili yake. Alheri na gaske shi ne ka ba da abin da za ka ji rashinsa, don ka tsare wa ɗan'uwanka abin da ba shi da madadi. Kuma abin da ke wayarka amana ne, ba naka kai kaɗai ba ne, akwai 'ya'yan da za su zo nema. Waya tana faɗawa ruwa, ana sacewa, tana mutuwa ba sallama. Ka kwafe a memori, ka ajiye wani a gidan ɗan'uwa, wanda ya iya ya ɗora a intanet, ya sanar da wani amintacce yadda za a buɗe. Kada ka ce sai gobe. Wanda iyayensa ke raye kuma, in an tashi daga nan ya je ya durƙusa ya gaishe su, ya roƙi su sa masa albarka, ya ɗauki muryarsu a waya ya adana. Akwai mutane a zaune a nan, na ga idanunsu, da za su ba da duk abin da suka mallaka don su sake jin an kira sunansu sau ɗaya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sada mu da su a gidan da ba a rabuwa.