Uwar Ragon Tabawa

Ku dai ba kwa gajiya da tambaya? To, ku rufe mini baki ku ji.

Shekarar da aka yi gasar raguna a garinmu, dagaci ya kafa doka: ragon da aka haifa a gidan mai shi ne kaɗai zai shiga. Tabawa mai daddawa ta jawo nata, tana harin buhun dusar da za a ba zakara. Dagaci kuwa surukinsa yake so ya ci.

Ya ce, "Iya, kawo uwarsa ta shaida a gidanki ta haife shi."

Tabawa ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ai tana wurinka. Ita na yanka da Sallah, ka aiko aka ɗauki cinya."

"Wa ya ce tunkiyarki ce?"

"In ba tawa ba ce, naman sata ka ci ke nan. A kira alƙali?"

Dagaci ya shafa tumbi. "Taki ce! A gabana ma ta haihu. Ku ba ta hanya."

Rago ya shiga, ya zo na ƙarshe. Ragon garinmu ne, duk ƙashi. Mu baki kaɗai muka iya kiwatawa.

Ku tashi ku kwanta, kada in ɗauko muciya!