Ajiya Tanimu da Goran Iri

An ce wai a wata shekara ta fari, wadda har kuka ta ƙi yin ganye, wani sarki ya buɗe rumbunansa domin talakawa. Ya ɗora ma'ajinsa, Ajiya Tanimu, a kan rabon, shi kuwa Ajiya ya yanke cewa mudu ɗaya na dawa ya ishi gida kwana biyu. Aka kuma ba kowane gida gora guda na irin gero, aka yi shela cewa duk wanda ya ci iri kafin ruwa ya sauka, gonarsa ta zama ta fada.

A garin akwai wata mace, Tabawa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona ɗaya a bakin fadama. Kwana goma sha tara tana lallaɓa mudun nan. In ta surfa dawar, dusa ta tafi da nata rabon. Ta ɗebi tafi guda ta musanya da gishiri, wani tafin da itace, abin da ya rage ta dama kunu tsararo. Ran na ashirin autarta ta kasa tashi zaune. Tabawa ba ta yi shawara da kowa ba, ta sauko da goran, ta daka geron, ta tuƙa tuwo, yara suka ci.

Da dogarai suka kai ta fada, Ajiya ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, kwaɗayi ne kawai da rashin tattali. Ni da kaina na gwada mudun nan a gidana kwana bakwai cur, ba wanda ya ko yi ciwon kai."

Sarki ya dubi Tabawa. Ita kuwa ko sunkuyar da kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ce ban ci ba, ba kuwa zan ce na tuba ba. Na ci, in an sake maimaita ranar zan sake ci. Don yara ake noma gona. In na binne su, wa zan noma wa? Amma a tambayar mini Ajiya, da itacen wa aka hura wutar gwajin nasa, gishirin wa aka zuba? Kuma ran da ya fara, ashe bai san rago na jiransa a rana ta takwas ba?"

Sarki ya ga abin ya zame masa gaba kura baya sayaki: in ya sake ta, kafin Juma'a ba sauran iri a ƙasar, in ya karɓe gonar, ya hukunta uwa don ta ceci 'yarta. Sai ya ce, "Ajiya, shaidarka ita ce hujja, don haka za mu sake auna ta. Za ka tare da iyalinka a bukkar da ke jikin gidan Tabawa, da mudunka da goran irinka, ba itace ba cefane. In ka dawo da goran a cike, gonarta ta tafi."

Ajiya ya yi murmushi ya ce, "Na ji na yarda. Kwana nawa?"

Sarki ya ce, "Tabawa, ke an gaya miki kwana nawa?"

"Ba wanda ya gaya mini, ranka ya daɗe."

"To, kai ma haka."

Aka girke dogari a ƙofa, duk kwanon da surukan Ajiya suka aiko sai ya mai da shi inda ya fito. Zana ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, don haka Tabawa na jin komai. Rana ta farko wasa da dariya. Rana ta uku uwargida na faɗa a kan itace. Rana ta biyar ƙaramin ɗansu ya yi kuka har muryarsa ta dishe, uban yana ta tambayar dogari ko fada ta aiko da wani saƙo. Ina! Ba saƙo.

Ran na shida da hantsi sai Tabawa ta ji daka. Wadda ta girma da taɓarya a hannu ba a ɓoye mata abin da ke cikin turmi: dawa da ƙarfi take amsawa, gero kuwa a tausashe. Wannan gero ne. Wallahi ta ji daɗi har cikin ranta, ba ƙarya. Amma da ta ji kukan yaron ya tsaya, sai ta samu kanta tana hamdala dominsa. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ran na goma sarki ya kira su. Aka kifa goran Ajiya a kan faifai, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Ajiya, da ya rame har rawani ya yi masa yawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, da na san ranar fita da na daure."

Sarki ya ce, "Kai ka yanke mudun, ni na sa dokar, doka kuwa ba ta san rawani ba. Gonakinka goma sha biyu ne, tata ɗaya. Ko su tafi tare, ko su zauna tare. Zaɓi."

Ajiya ya ce su zauna.

Fadawa suka ce wa Tabawa ta yi godiya. Ta ce, "Godiya ta Allah ce. Gonar nan dama tawa ce, ba kyauta aka yi mini ba. In sarki na son in gode, a mai da mudun kullum, a kwashe iri daga ɗakunan mayunwata a ajiye a fada sai ruwa ya sauka. Akwai uwaye ɗari a garin nan da ke kallon goransu kamar yadda na kalli nawa."

Sarki ya ce a yi haka tun daga ranar, kuma a auna wa Tabawa sabon iri daga rumbun Ajiya.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, wanda ya san lokacin shan ruwa azumi yake yi. Yunwa ita ce wadda ba ta da ladan.