Baba Tanimu da Get Ɗin Malama

Dalilin da ya sa a makarantarmu ake darasin Turanci a bakin get, ku matso ku ji, yau ɗin nan aka ba mu labarin!

Wai da can a aji ake yi kamar kowane darasi. Sai aka ɗauki Baba Tanimu gadi. Shi duk Turancin duniya kalma ɗaya ya sani, get, wato ƙofar da yake tsaro. Hedimasta ya ce masa, "Baba, duk wanda ya yi maganar get, da kai yake."

Ranar farko Malama Hanne ta shiga aji ta ce, "Get up." Sai ga Baba da gudu, makulli a hannu.

"Ga ni, Malama. A buɗe ko a rufe?"

"A'a Baba, cewa na yi su tashi."

Ya koma yana ta juya maganar. Bai zauna ba ya ji ta ce wa wata mai surutu, "Get out." Ya sake rugowa.

"Wannan kuma fita ce, Baba."

"Ɗazu tashi, yanzu fita?"

"Wani lokacin ma samu ne. Wani lokacin ganewa, ko warkewa."

Baba ya cire hula ya sosa kai. "To 'yar nan, ƙofar kuma a wane lokaci ne?"

"Ita daban ce, kama suka yi a kunne."

Duk wannan bayanin get na hangame. Awakin unguwa suka shige suka cinye shukar hedimasta tas, har da zogalen. Hedimasta ya ce idan Baba ya ƙara barin ƙofa, ya ajiye makulli ya tafi gida.

Baba ya rasa yadda zai yi. In ya ji get ya zauna, ya saɓa umarni. In ya tashi, aiki ya tafi. Washegari ya tare Malama.

"Don Allah ki daina faɗinta mana."

"Baba, ai ba a Turanci babu ita."

Can ya ce, "To ki kawo ajin nan kusa da ni. Kina faɗa, in dube ki daga zaune, ki nuna mini ko tawa ce ko taku."

Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ta sa aka kwaso bencina zuwa gindin darbejiyar da ke bakin get.

Shi ya sa har yau a can muke Turanci, kuma ko wace malama aka kawo, in ta ce get sai ta waiga ta girgiza wa mai gadi kai tukuna.