Rumbun Kurciya da Ginin Gara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, Inna.

Mijin Kurciya ya rasu, rumbunsa ya rushe, ga gero a ƙasa, ga hadari na haɗowa. Kurciya ba ta iya gini ba, amma ta iya tambaya.

Ta ce wa Zanzaro, "Malam, gina mini rumbu mana."

Ya ce, "Haba Yaya, ginina ƙwaya nawa zai ɗauka? Nemi Gara, ita ta koya mini."

Gara ta ce, "Gini gadonmu ne. Amma rabin geron nawa."

"Rabi? Ke kika yi mini noman? Karan zan ba ki, duka."

Gara ta yi dariya, ta ce to. Dariyar nan ba ta kwanta wa Kurciya ba. Ta koma wajen Zanzaro ta ce, "Malamar nan taka, wa take gani ta shiga taitayinta?"

Ya rage murya: "Kaza."

Kaza kuwa tana juji, ana cewa ba ta da sana'a sai tono. Kurciya ta ce, "Gwaggo, tonon nan nake so. Ki tare a gindin rumbuna, amma sai an gama."

Gara ta tayar da rumbu sumul, aka zuba gero. Ta lallaɓo ta ƙarƙashin ƙasa, sai ta ji ana tono a kanta. Ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki, Gwaggo. Karana kawai na zo ɗauka."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, wanda bai yarda ba ya tambayi Gara.