Shafukan da Baba Na-Karanta Bai Raba Ba

A layinmu akwai wani mai shagon littattafai da kowa ke kira Baba Na-Karanta. Mutum ne mai fara'a da daɗin baki, amma yana da hali ɗaya: bai taɓa yarda akwai littafin da ya wuce shi ba. Ko yanzu aka sauke kwali daga mota, kana ɗaga littafi zai ce, “Wannan ai na karanta.” Gaskiyar magana kuwa, bangon baya yake dubawa, ya leƙa shafin farko da na ƙarshe, sauran ya cike da baki.

Lokacinsa shi ne dogon hutu. Da an rufe makarantu, sai ya fito da tebur ƙarƙashin rumfar shagon ya jera sababbin littattafai, iyaye da ɗalibai su yi cincirindo. “Ke, ɗauki wannan, sai kin manta da girki a wuta. Kai kuma wannan ne naka, dariya har cikinka ya ƙulle.” Ni kaina na sha saye a kan maganarsa, wani lokacin a dace, wani lokacin in yi ta neman dariyar har bango.

A shekarar da nake ba ku labari, 'yarsa ta fari, malamar makaranta, ta gama littafinta na farko. Shekaru ta yi tana rubuta shi, kuma ba ra'ayin wanda take jira kamar na mahaifinta. Ranar da aka fara bugawa, zumuɗi bai bar ta ta jira a datse gefen takardun ba. Ta karɓi kwafin farko daga hannun mai ɗab'i, shafukan tsakiya na manne da juna ta baki, ta garzaya shago.

“Baba, kai ne na farko. Don Allah ka karanta, ka faɗa mini gaskiya.”

Washegari ta dawo don jin ra'ayinsa.

“Na karanta, zama ɗaya,” in ji shi. “Yarinyar nan, kin gama da marubuta.”

Murna ta hana ta tambayar komai. Ta fita tana share hawaye, tana gaya wa kowa Baba ya yaba.

Ranar teburin hutu, layin ya cika maƙil. Littafin ya riga ya shiga hannun mutane, kowa da abin da ya taɓa shi. Tela ya ce ya ɗinka hannun riga a baibai saboda shi. Wata ɗaliba ta ce ta yi fushi da ƙarshensa, ta kuma koma farko. Baba Na-Karanta yana tsaye da kwafinsa a ƙirji, sai washe baki yake, 'yarsa na gefensa.

Sai wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaga murya. “Ni babin tsakiya ne ya sa ni kuka, inda uban ke ɗora yarinyar a wuya don ta ciro littafi daga kantar sama. Baba, karanta mana shi da bakinka.”

Jama'a suka ɗauka da tafi. Ya gyara tabarau, ya buɗe tsakiyar littafin, sai takardun suka ƙi rabuwa. Ya lashi yatsa ya sake gwadawa. Ya juya gaba, nan ma a manne. Kowa na kallo, kuma duk wanda ke wurin ya san abin da hakan ke nufi. Tafin ya mutu.

'Yar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dubi littafin, ta dube shi.

“Baba, uban nan kai ne. Saboda babin nan na kawo maka shi tun bai bushe ba.”

Ta ratsa mutane ta tafi. Wallahi na ji tausayinsa, amma nata ya fi kama ni.

Da aka watse, ya zauna da wuƙar yanka kwali yana raba shafi ɗaya bayan ɗaya. Ya ga shagonsa, ya ga tsohuwar kantar, ya ga kansa yana matashi da yarinya a wuya. Ya je ya ba ta haƙuri, ta kuma ce ta yafe. Amma da littafinta na biyu ya fito, tela ta kai wa kwafin farko. Baba Na-Karanta a kwali ya gan shi, tare da sauran kaya.

Darasin da ke nan shi ne, kada ka yabi abin da ba ka sani ba don a ce kai masani ne. “Ban karanta ba tukuna” ba abin kunya ba ne. Wanda ya miƙo maka aikinsa, lokacinka da gaskiyarka yake roƙo, kuma idan ya gane yabon banza ka ba shi, ko ya yafe maka, da wuya ya sake kawo maka.