Gonar Tsami da Layin Briskila

Akwai wani manomi da ya gāji gonar mangwaro daga ubansa. Bishiya ashirin ne a ciki, duk masu tsami, ko yaran gari ba sa wahalar jifansu. Mutane suka sa mata suna Gonar Tsami, shi kuwa kunya ta ishe shi.

Kowace damina yakan dasa huɗu ya yi musu aure da reshen mangwaro mai zaƙi, uku su kama, ɗaya ta ƙi ta zauna da tsaminta. Duk da haka tsofaffin nan sun fi yawa. Sai ya gaji, ya ƙudura zai sayar, har mai saye ya zo.

'Yarsa Briskila, wadda ke koyon lissafin aljabra a sakandare, ta ce, "Baba, ba ni kara." Ta tsuguna ta zana a ƙasa: masu zaƙi a sama, dukan bishiyoyi a ƙasa.

"Kowace shekara sama na ƙaruwa da uku, ƙasa da huɗu. Ashirin ɗin Kaka ba sa ƙaruwa. In shekaru suka yi nisa, ba su ake dubawa ba, uku da huɗu ake dubawa."

Ta ja miƙaƙƙen layi a kwance, ta ja wani a ƙarƙashinsa yana hawowa a hankali. "Na saman nan uku cikin huɗu ne. Can gonarka ta dosa. Ba za ta taɓa shi ba, amma kullum tana matsowa."

Manomin ya dubi layukan nan biyu. Ya ce, "To, a gaya wa mai saye ya sha ruwa ya koma."

Ya ci gaba da dashe har ya yi furfura. Motoci suka fara zuwa lodi. Duk baƙon da ya zo, kafin a ba shi tabarma sai ya ji labarin Briskila, ko yana so ko ba ya so. Ni ban ga laifinsa ba, abin alfahari ne.

Ma'anar misalin nan, ƙaunatattu: ashirin ɗin su ne abin da ka tarar a gida, ko maye, ko gaba, ko mummunan suna. Ba za ka iya goge su ba, amma ba su ke nuna inda ka dosa ba. Abin da kake ƙarawa kullum da taimakon Ubangiji, shi ne. A duniyar nan ba za mu kammalu ba, matsowa muke yi. Saboda haka ɗaga kanka. Kada ka sayar da gonarka a shekarar da ka gaji.